Wa Ya Isa Hawa Babban Babur a Birnin Zazzau?

Dokar hanya ta Najeriya abu ɗaya ta sani mai suna babur. Duk wanda ya cika shekara 18 yana da damar neman lasisi na rukunin A, kuma da wannan takarda guda zai hau Bajaj Boxer irin wanda 'yan acaba ke ɗaukar fasinja da shi daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, da ita ce kuma zai hau Yamaha R1 ko Suzuki Hayabusa idan aljihunsa, ko na mahaifinsa, ya kai. Injin Boxer cc 100 ne, ƙarfinsa kimanin na doki 8 a ma'aunin maƙera injuna. R1 kuwa cc 998 ne, ƙarfinsa ya kai kimanin na doki 200, alhali nauyinsa bai ninka na Boxer sau biyu ba. Ƙarfi ya ninka kusan sau 25, amma shekarun da ake nema ɗaya ne, gwajin ɗaya ne, takardar ma ɗaya ce. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: bai kamata a bar kowa ya hau irin wannan babban babur ba sai ya cika sharuɗɗa biyu a haɗe, wato shekarunsa sun kai 24, kuma ya yi aƙalla shekara biyu yana tuƙa matsakaicin babur da lasisin da ya dace da shi. Girman shekaru kaɗai ba ya wadatarwa, daɗewa a kan ƙaramin mashin ma haka.

Manyan baburan tsere, waɗanda samari ke kira fawa-bayik, ba su da yawa a Zariya, amma guda ɗaya ya isa unguwa uku su san ya wuce. Abubuwa da dama sun taru sun sa maganarsu ta zama ta yanzu. An sake gina tagwayen hanyar Kaduna zuwa Zariya da ta Zariya zuwa Kano, kwalta ta yi sumul ta miƙe, kuma aikin sabunta birane da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna a cikin garin kansa. Tsofaffin baburan Turai da Amurka, 'yan Kwatano, suna shigowa ƙasar, galibinsu waɗanda aka ƙera tun kafin a wajabta na'urar hana birki cijewa, wadda Tarayyar Turai ba ta tilasta ta a kan manyan babura ba sai daga 2016. Sannan ga waya a hannun kowane saurayi, ga TikTok, inda bidiyon daƙiƙa goma na wanda ya ɗaga tayar gaba ya fi wa'azin wata guda saurin yaɗuwa. Hanya mai kyau alheri ce, ba mai musun haka. Sai dai ramukan da ake kuka da su a da su ne suke rage wa mutane gudu, kuma da aka cike su ba a sa komai a madadinsu ba.

Ya kamata mai karatu ya san abin da wannan inji ke yi, domin da yawa cikin iyayen da ke biyan kuɗinsa ba su sani ba. Babur mai cc 1000 yakan tashi daga tsaye ya kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa uku ko kusa da haka. A giyar farko kaɗai yana iya haura kilomita 130, wato ya wuce iyakar kilomita 100 da doka ta yanka wa ƙananan motoci a tagwayen hanya tun kafin matuƙinsa ya taɓa giya ta biyu. Hayabusa, da aka fara sayarwa a 1999, ya haura kilomita 300 a awa, har kamfanonin babura suka yi yarjejeniya a tsakaninsu suka tsayar da gudun baburansu a 299 don tsoron kada gwamnatocin Turai su hana shigo da su. Mai gudun kilomita 100 yana cin mita 28 a kowace daƙiƙa, mai gudun 150 yana cin mita 42. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin a tsaya ninkawa take yi sau huɗu, haka ma ƙarfin karon. Waɗannan ba ra'ayin kowa ba ne, lissafi ne da ɗalibin sakandare ke yi a allo. Abin da lissafin bai nuna ba shi ne yadda duk wannan ƙarfi yake tattare a wuyan hannun dama. Ɗan murɗa totur da ba ya wuce motsin buɗe murfin kwalba shi ne tsakanin tafiya lafiya da tayar baya ta zame ko ta gaba ta tashi sama, kuma rami ƙarami ko tudun rage gudu ya isa ya fizgi hannun wanda bai saba ba ya murɗa abin da bai yi niyya ba.

To a ɗauki wannan inji a shigo da shi cikin ganuwa. Birnin Zariya an tsara shi ne don ƙafa da jaki da doki. A Kwarbai da Anguwan Juma da Limancin Kona da Kusfa, zaure a bakin hanya yake buɗewa, yaro yana fitowa daga soro ƙafarsa ta biyu a kan titi take sauka. Ga almajirai da robobinsu, ga 'yan Islamiyya da yamma sahu-sahu, ga awaki, ga mai tura kurar ruwa, ga tsohon da zai tsallaka zuwa masallaci yana dogara sanda. Ranar Juma'a sahun masallacin fada har kan hanya yake malalowa. Babur ɗin da ke iya cin kilomita 5 a minti ɗaya zai ratsa birnin nan daga wannan ƙofa zuwa waccan cikin kimanin minti guda da a ce hanyar a miƙe take kuma babu kowa, amma ba a miƙe take ba, kuma cike take da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65. Wannan bambanci na kilomita 15, a kan R1, bai kai ƙiftawar ido ba. Shi kansa babur ɗin bai dace da lungu ba: kansa ba ya juyawa sosai, matuƙi a kife yake ba ya hango nesa, injin zafi yake ɗauka idan ana tafiyar hawainiya, tayoyinsa masu santsi an yi su ne don tsabtatacciyar kwalta, ba don yashin da ruwan damina ke sharowa kan titi ko ƙurar hunturu ba.

Me ya sa shekaru suke da muhimmanci? Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. A Amurka, cibiyar IIHS da kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta ta fitar da bincike a 2007 wanda ya ware babura aji-aji. A 2005, cikin kowane babur 10,000 na ajin tsere da aka yi wa rajista, matuƙa 22.5 ne suka mutu, alhali a ajin baburan yau da kullum 5.7 ne, kusan ninki huɗu ke nan. Matsakaicin shekarun waɗanda suka mutu a kan baburan tseren 27 ne, mafi ƙanƙanta a duk ajujuwan, kuma an ambaci gudun wuce sa'a a kashi 57 cikin 100 na haɗurran da suka kashe su. Masana ƙwaƙwalwa sun daɗe da gano cewa sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abin da zai biyo baya da danne zuciya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Akwai kuma wani gwaji da Margo Gardner da Laurence Steinberg suka wallafa a 2005, inda suka sa matasa da manya wasan tuƙi a kwamfuta, wani lokaci su kaɗai, wani lokaci abokansu na kallo. Manya ba su canza sosai ba. Matasa kuwa da zarar an ce ga tsararrakinsu suna kallo sai gangancinsu ya ƙaru. Duk wanda ya taɓa ganin rakiyar amarya a garin nan, ko yammacin ranar Hawan Daushe bayan dawaki sun watse, ya san wannan ba sai an kai shi ɗakin gwaji ba. Saurayin da ke tuƙi a natse idan zai kai cefane gida shi ne wanda zai saki hannu idan 'yan mata suna guɗa kuma wayoyi goma sun nufo shi.

Da a ce magana a nan ta tsaya, da sai a ce a ɗaga shekarun zuwa 25 a huta. Amma akwai binciken da ya fi wannan tsufa, kuma a ganina ya fi shi shafar mu. A 1981 Farfesa Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya fitar da rahoton haɗurran babur 900 da tawagarsa ta je wurin da suka auku a yankin Los Angeles ta bincika ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar fiye da rabin waɗanda suka yi haɗarin ba su kai wata biyar suna hawan wannan babur ɗin da suka faɗi da shi ba, duk da cewa a jimlace sun kusa shekara uku suna tuƙi a titi. Ya kuma tarar kashi 92 cikin 100 ba su taɓa samun horo ba, da kansu suka koya ko wani ɗan'uwa ko aboki ya nuna musu. Ya ga suna danne birkin baya har taya ta zame, suna barin na gaba, wanda shi ne ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayawa. Ma'anar wannan ita ce gwaninta ba ta bin mutum duk inda ya je. Wanda ya ƙware a kan inji guda, ranar da ya koma kan wani, sabon shiga ne, kuma watannin farko su ne masu cin mutane.

Wannan ita ce amsar suka ta farko da za a kawo mini, kuma ita ce mafi ƙarfi. Za a ce yaranmu ba irin na Turawa ba ne, yaron Zariya tun yana shekara 12 yake satar mashin ɗin yayansa ya zaga unguwa, kafin ya kai 18 ya iya ratsa cunkoson Tudun Wada ko Kwangila da buhun masara a bayansa. Gaskiya ne, kuma wannan iyawa ba abin rainawa ba ce, domin karanta hanya da sanin halin direban tirela da ɗan Keke Napep ilimi ne da makaranta ba ta bayarwa. Matsalar ita ce ƙaramin babur yana yafe kuskure, kuma yana koya wa jiki ɗabi'un da babban babur ke kashe mutum a kansu. A kan Boxer ko Jincheng ko roba-roba, mutum yakan murɗe totur har ƙarshe sau hamsin a yini ba abin da zai faru. Yakan dogara da birkin ƙafa, har akwai masu ganin birkin gaba kayar da mutum yake yi su sassauta shi da gangan. Yakan sauke ƙafa ya tokare ƙasa idan mashin ya karkata, da silifa a ƙafarsa. Hannun da ya shekara goma yana yin haka ba ya tambayar ƙwaƙwalwa kafin ya yi, musamman a lokacin firgita, kuma a kan inji mai ƙarfin doki 200 da nauyin kilo 200, kowace ɗaya daga cikin ɗabi'un nan uku ta isa ta kai mutum asibitin Shika. Zazzagawa sun san wannan a harkar doki. Yaron da ya iya ƙuru ba a ɗora shi kan ingarma mai tutsu ranar Hawan Bariki don kawai ya daɗe yana kilisa, sai an ga zamansa a sirdi da yadda yake riƙe linzami a kan wanda ya fi ƙurun kaɗan, ana ƙara masa a hankali. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin cin fuska ga yaron.

Ƙasashen da suka fi mu yawan waɗannan babura da wannan hanyar suka ƙare bayan sun binne 'ya'yansu da yawa. Tun 19 ga Janairu 2013 Tarayyar Turai ta raba lasisin babur hawa-hawa. A1 na ƙananan da ba su wuce cc 125 ba ne, daga shekara 16. A2 na matsakaita ne, waɗanda ƙarfinsu bai wuce kilowat 35 ba, wato kimanin doki 47, daga shekara 18. Cikakken lasisin A sai wanda ya shekara biyu a A2, ko kuma wanda ya kai shekara 24 ya ci jarrabawa kai tsaye. Ingila ta ƙara tsauri, ta sa A2 a shekara 19, cikakken kuma a 21 ga wanda ya bi matakan. Ostareliya ta taƙaita sababbin matuƙa a kan baburan da ba su wuce cc 660 ba, da iyakar ƙarfi gwargwadon nauyi. Amma abin da Faransa ta yi ne ya fi jan hankalina. A 2016 ta soke tsohuwar dokarta da ta hana kowane babur wuce ƙarfin doki 100, a shekarar kuma ta toshe ƙofar shiga kai tsaye: ko shekarunka 50, sai ka yi shekara biyu a A2 sannan ka ƙara horon awa bakwai kafin a sake maka. Faransawa sun gane cewa magidanci mai furfura da kuɗi suka zo masa da rana tsaka, ya ga babur a intanet ya saya, shi ma ɗan koyo ne, kuma ƙashinsa bai kai na saurayi saurin haɗewa ba.

Wani zai ce ai zakarun tseren duniya yara ne, Marc Márquez na Sifen yana da shekara 20 ya lashe gasar MotoGP a 2013. Wannan misali hujjata yake ƙarfafawa. Márquez tun yana ƙaramin yaro yake kan ƙananan babura a filin da aka killace, ya ci gasar ajin cc 125 a 2010, ya ci ta Moto2 a 2012, sannan aka ba shi babban inji. Hawa uku ya taka a gaban masu horarwa, a filin da babu akuya, babu mahaɗar hanya, babu mai tahowa ta gaba, da rigar fata da hular kwano da likitoci a gefe. Duk da haka, a 2021 matasa uku suka mutu a gasanni daban-daban a Turai, Jason Dupasquier mai shekara 19, da Hugo Millán mai 14, da Dean Berta Viñales mai 15, abin da ya sa hukumar tseren babura ta duniya ta ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga manyan gasanninta zuwa 18 daga 2023. Idan masu wannan sana'a, da duk kariyarsu, sun ga dole a jinkirta wa yaro, ban ga hujjar wanda zai miƙa wa ɗansa makullin irin wannan inji a titin PZ ba.

Ba ma sai an je Turai ba. A Zariyar nan Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama take tun 1964, kuma ba a taɓa jin an ɗauki ɗalibi daga aji an zaunar da shi a kujerar jirgin fasinja ba. Da ƙaramin jirgi mai inji ɗaya yake farawa, ana rubuta masa awoyinsa a littafi, kuma ko bayan ya zama cikakken matuƙi, duk sabon samfurin babban jirgi da zai koma sai ya sake horo da jarrabawa a kansa. A Zariyar nan kuma, a hanyar Basawa, Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya take tun 1986. Garin da ke horar da matuƙan jiragen ƙasar nan da jami'an sufurinta bai rasa masanan da za su tsara kwas na mako biyu a kan birkin gaggawa da shan kwana da kauce wa abu a guje ba. Abin da babu shi ne dokar da za ta sa a nemi kwas ɗin.

Za a lura na tsaurara fiye da Turai, tunda su sun yarda da ɗan shekara 20 ko 21 da ya bi matakai, ni kuma na ce 24. Dalilina shi ne abin da ke kewaye da matuƙin. Ɗan shekara 21 a Ingila ya ci jarrabawar tuƙi ta gaske fiye da sau ɗaya kafin ya kai nan, inshorarsa tana da tsadar da za ta sa ya yi tunani, babbar hanyar da zai bi an katange ta, kuma idan ya faɗi motar asibiti za ta zo. Namu zai bi hanyar Kaduna ne, inda kasuwa ke ci a bakin kwalta, shanu ke tsallakawa, mai mota ke biyo hannun da ba nasa ba don gudun zagaye, tirela ke kwana a kan hanya da ganye a bayanta a madadin alama. Idan ya faɗi, mutanen kirki ne za su cicciɓe shi su sa a bayan akori-kura, ba tare da sanin cewa wuyan da ya karye ba a motsa shi ba. Inda kariyar waje ta yi ƙaranci, dole a nemi ƙarin natsuwa daga cikin mutum, kuma shekaru uku tsakanin 21 da 24 su ne lokacin da yawancin samarinmu ke gama karatu, su kama sana'a, wasu su yi aure, su fara sanin cewa akwai masu jiran dawowarsu.

Suka ta gaba ita ce wannan matsalar 'ya'yan masu hali ce, 'yan ƙalilan, alhali waɗanda ke cika ɗakin haɗari a Asibitin Koyarwa na Shika da Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan 'yan acaba ne da fasinjojinsu. Ta fuskar yawa haka ne, kuma hular kwano ga ɗan acaba za ta ceci rayukan da suka fi waɗannan yawa nesa ba kusa ba, tunda bincike ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Sai dai mai babban babur ba shi kaɗai yake faɗuwa ba. Wanda ya buge galibi talaka ne a ƙafa, wanda iyalinsa za su yi ta kai-komo tsakanin asibiti da gidan mai ɗori. Kuma abin da ɗan mai hali ya yi a kan R1 da yamma, shi yaron makanike zai kwaikwaya gobe a kan Boxer da aka fasa wa salansa. Ƙasar nan ta ga yadda abin yake a daren 26 ga Disamba 2017, lokacin da Yusuf, ɗan marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ya yi haɗari da babban babur a Gwarimpa da ke Abuja, ya samu rauni a ka da karaya. An yi masa aiki cikin gaggawa, daga baya aka fita da shi waje, Allah Ya ba shi lafiya. Mutane sun yi addu'a, sun yi surutu na makonni, amma ba a taɓa ko layi ɗaya na dokar lasisi ba, kuma kaɗan ne cikin masu hawa irin wannan babur za su samu kulawar da ya samu. Akwai ma wata riba ga ɗan acaba a cikin rarrabewar. Gwamnatocinmu hanya biyu suka sani game da babur, ko a ƙyale kowa ko a hana kowa, kamar yadda Kano ta hana acaba a Janairun 2013 kuma Kaduna ta hana hawa babur baki ɗaya na wani lokaci a ƙarshen Satumban 2021. Dalilan tsaro ne suka jawo waɗannan, amma sun nuna hukuma ba ta da ma'aunin da ke bambance mai neman abinci da mai neman suna. Dokar da ta san aji-aji ita ce za ta fara koya mata bambancewa.

Sai masu cewa doka a Najeriya a takarda take ƙarewa. Suna da abin nunawa: ranar 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta hular kwano, aka ga masu kifa ƙwarya da robar fenti a ka, bayan ɗan lokaci kowa ya koma gidan jiya. Amma waccan doka miliyoyin mutane ta nufa a rana guda, mafi yawansu masu ganin kuɗin hular ya fi ƙarfin cinikin yini. Wannan kuwa mutane ƙalilan ta shafa, masu hali, a kan inji da ba ya ɓoyuwa, wanda ƙararsa ke riga shi isa shingen jami'an hanya na KASTLEA. Kuma hanyoyin da yake bi kafin ya hau titi ƙunci gare su: kwastan ne ke shigar da shi, ofishin rajista ne ke ba shi lamba, dillalansa ƙidayayyu ne, makanikan da suka iya buɗe injinsa a faɗin jihar ba su da yawa. Idan aka ce ba a ba babur da ya wuce ƙarfin doki 47 lamba sai mai shi ya nuna lasisin babban aji, kuma duk wanda ya ba da aron nasa ga wanda bai da shi ya ɗauki alhakin abin da ya faru a gaban kotu, an rufe mafi yawan ƙofar. Batun aro na da muhimmanci, domin a binciken Hurt rashin sabo da injin yana cikin manyan abubuwan da aka gano, kuma ba wanda ya kai mai cewa "ɗan ba ni in zaga in dawo" rashin sabo.

Akwai maganar da ake rufe kowace muhawara da ita a wurin zaman makoki, cewa kwana ne ya ƙare. Mun yi imani da haka, kuma ba wanda zai wuce lokacinsa. Amma malaman birnin nan, tun daga zaurukan Kona har zuwa na Juma, sun karantar da cewa tsare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don kiyayewa, kuma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan nan ya yi bayanin lamunin da ke kan mahayi idan dabbarsa ta taka wani, da diyyar kisan kuskure. Ƙaddara tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, ba ta sauke nauyi daga kan wanda ya yi sakaci, ko wanda ya sayi injin ya miƙa.

Gyaran dokar lasisi aikin Abuja ne, kuma Abuja ba ta sauri. Kafin ta motsa, Majalisar Dokokin Jihar Kaduna da Ƙaramar Hukumar Zariya suna da ikon yanke gudun da bai wuce kilomita 30 ba a cikin ganuwa, ga kowane abin hawa, kuma masarauta ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Zazzau Malam Ahmed Nuhu Bamalli tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni waɗanda suka san gidan da kowane irin wannan babur yake kwana. Kalmar mai unguwa ga uban yaro ta fi tarar jami'in hanya tasiri a birnin nan. Shi kuma uban, wanda a hannunsa kuɗin suke, ba a ce ya hana ɗansa abin da yake so ba, domin hani tsagwaro shi ke kai yaro ga aron na aboki a ɓoye. Tsakanin Boxer da R1 akwai babura da yawa da aka yi domin wannan mataki: Yamaha R3 mai cc 321, da KTM 390 Duke, da Kawasaki Ninja 400, da Honda CBR500R, dukkansu ƙarfinsu tsakanin doki 40 ne da 47 ko kusa da haka, galibinsu siffarsu ta tsere ce, kuma kowannensu ya ninka Boxer sau biyar. Sun fi arha, ragowar kuɗin kuma ya isa hular kwano ta gaske mai rufe haɓa, da jaket mai kariya, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Yaron da ya shekara biyu a kan ɗaya daga cikinsu, ya ga damina biyu da hunturu biyu, ya taka birkin gaggawa a kan yashi ya tsaya da ƙafafunsa, zai zo wa babban injin da hannun da ya san nauyin totur. Wasu kuma a cikin shekara biyun za su gane cewa doki 47 ya ishe su zuwa Kano da dawowa, su bar maganar R1 da kansu.